Bahago da Kyautar Suruki

Shekarata goma sha tara ina zaune a teburin karɓar baƙi na wani wurin koyon golf a Changwon. Ni nake ba da katin gurbin da mutum zai tsaya ya yi bugu, ni nake zuba ƙwallaye a inji, ranar da mai shara ba ta zo ba ni nake wanke bayi. Na ga masu koyo iri-iri. Na ga wanda ya sayi sanduna goma sha huɗu da jaka da takalmi da hula tun bai taɓa bugun ƙwallo ko ɗaya ba, bayan wata biyu matarsa ta sa su a kasuwa. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni abin da zai saya, amsata ɗaya ce: kada ka sayi komai. Ka ari sandar ƙarfe mai lamba bakwai ka yi wata uku da ita. In har bayan wata uku kana nan, sai ka je shagon 'yan gwanjo ka nemi marasa nauyi, masu faɗin kai, daidai tsayinka. Baƙi suna jin maganata. Wanda bai ji ba shi ne yayana uwa ɗaya uba ɗaya, Tak Gil-nam, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yaya ya girme ni da shekara bakwai. Bahago aka haife shi, a ƙauyenmu da ke wajen Haman kuwa wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne a lokacin. Kakarmu takan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai ta sa ƙyalle ta ɗaure masa hannun hagu a ƙugu in za a ci abinci. In ya manta ya miƙa shi, Baba ya ƙwale masa yatsu da cokali. Ban ga ɗaurin ba, ba a haife ni ba, amma na ga abin da ya bari. Da dama Yaya yake cin abinci, da dama yake rubutu, rubutun kamar kaza ta bi ta kan laka. A soja ma a kafaɗar dama aka ɗora masa bindiga. Wuri ɗaya ne hannun hagun nan ya samu sakewa. Shekara talatin da biyar ya yi yana walda a masana'antar sassan jirgin ruwa, fuska a rufe, kowa yana kawar da ido saboda hasken wuta, babu mai duba hannun da ke aikin. Abokan aikinsa sun ce ɗinkin waldarsa kamar an jera ƙwayar shinkafa.

Ban san abu ɗaya da mutumin nan ya taɓa zaɓar wa kansa ba. Takalmin da ya je makaranta da shi na ɗan kawu ne. Aikin walda kawu ne ya kai shi. Motar da yake ja ta shugaban sashensu ce, ya sallama masa da zai yi ritaya, mai launin ruwan kunu wadda ba wanda zai so. Kome aka miƙa masa, hannu biyu zai sa ya karɓa, ya sunkuya, ya ce ya gode. Mutane suna yabonsa da haƙuri. Ni a wurina haƙurin ya wuce gona da iri har ya zama cuta, kuma na sha gaya masa.

Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, ta bar masa 'ya ɗaya, Seul-gi, wadda take aikin jinya. Bara a watan Nuwamba Seul-gi ta auri Jae-uk, ɗan Shugaba Eom mai ɗakunan sanyi na adana kifi a Masan. Shugaba Eom ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Dogo ne mai ƙaton murya, bai saba a ce masa a'a ba, kuma shekararsa talatin yana golf. A wurin cin abincin dangi bayan biki ya tambayi Yaya me yake yi tun da ya bar aiki.

"Ba wani abu, Suruki. Ina ɗan hawa dutse da safe."

"Hawa dutse? Haba, ai wannan na tsofaffi ne! Golf za ka fara. In sanyi ya wuce ni da kaina zan fitar da kai fili, ranar farko a hannuna za ka yi ta."

Yaya ya sunkuya ya ce ya gode. Bayan kwana uku direban Shugaba Eom ya kawo jaka.

Ni na fara buɗe ta. Sanduna goma sha huɗu, duk na masu hannun dama. Bakin ƙarafan siriri kamar wuƙar yanka kifi, irin na ƙwararru, waɗanda in ka kuskure tsakiya da faɗin farce sai hannunka ya yi zugi har gwiwa. Jikinsu ƙarfe ne mai tauri da nauyi, an kuma ƙara musu tsawo saboda mai su, Yaya kuwa da kyar ya kai kafaɗarsa. A jikin jakar an rataya ɗan allon fata, an rubuta sunan Yaya da ruwan zinare. Guda ɗaya ce ta ba ni sha'awa, tsohuwar sandar gangara ƙwallo zuwa rami, ta tagulla, gabanta da bayanta duk sumul iri ɗaya.

Na ce, "Yaya, waɗannan ba naka ba ne."

"Ga sunana a jiki."

"Sunanka a jaka yake. Sandunan na dogon mutum ne, gwani, mai hannun dama. A cikin ukun nan wanne ne kai?"

"Ke dai Mal-sun, wannan bakin naki."

"Bakina lafiyarsa ƙalau. Ɗauki waya ka ce masa ka gode, amma kai bahago ne."

Ya dube ni kamar na ce ya fita titi tsirara. "In ce wa surukin Seul-gi kyautarsa ba ta yi ba? Ko wata ɗaya ba a yi da biki ba. Duk Lahadi a gidansu yarinyar nan take cin abinci, ke kin sani."

Na sani. Na kuma san kyautar babba ba a mayarwa, ba a kuma jingine ta a lungu, so ake a gan ka da ita. Amma na yi zaton mai koyarwarmu, Koci Byeon, zai mara mini baya, sai na kai shi wurinsa. Ashe na kai ƙara gidan da ba nan ba. Koci ya zaro sanda ɗaya yana shafa ta kamar ya ga jaririya.

"Bahago? Kawu, a ƙasar nan babu bahago a golf. Gurbi sittin muke da su, nawa ne na hagu? Ɗaya. Kowa juyawa yake yi. Ga shi an ba ka sanduna irin waɗannan, wa zai ajiye su?"

Na ce, "Koci, gobe ka zo ka yi aski da hannun hagu mu gani."

"Anti Tak, ki bar ni in yi aikina, ni ban taɓa zuwa na taya ki ba da kati ba."

Gaskiyarsa a kan gurbin. Guda ɗaya ne, a hawa na uku, can ƙarshe kusa da bayi, kuma a nan muke tara tsintsiya da bokiti da matattun fankoki.

Haka Yaya ya fara, cikin tsakiyar sanyin Disamba. Ƙarfe shida na safe shi ne farkon shigowa, ya karɓi katin gurbi na goma sha biyu da hannu biyu, daga hannun ƙanwarsa fa, ya sa safar hannu ya hau bugu. Kwando uku kullum. Ƙwallo ɗaya ta bi ƙasa kamar ɓera, ɗaya ta daki allon da ke raba gurabe, sauran kuwa tabarmar roba ce take shan dukan. Tsofaffin da suke zama gindin na'urar ɗumama wuri suna shan kofi suka sa masa suna Manomi.

"Malam Tak, yau me ake haƙa, dankali ko gyaɗa?"

"In ya nuna ka ɗebo mana!"

Shi ma sai ya yi dariya ya sunkuya musu. Ni kuwa ina bayan tebur ina cizon leɓe. Mutumin da ya riƙe wutar walda shekara talatin da biyar hannunsa bai taɓa rawa ba, shi ne ya zama abin dariyar mutanen da ko ƙusa ba su iya bugawa.

A watan Fabrairu na lura in ya yi tari sai ya dafe gefe. Da kyar na ja shi asibiti. Haƙarƙari ɗaya ya tsage, likita ya ce ya huta mako uku. Kwana tara ya yi ya dawo. Abin da kawai ya ce mini a mota shi ne, "Kada Seul-gi ta ji."

Ba ta ji ba, amma ta zo da kanta, wata rana da ta tashi daga aiki da wuri. Ta jingina da teburina tana juya makullin mota.

"Goggo, tsakani da ke, yaya Baba yake yi?"

"Yana zuwa kullum."

"Ba shi na tambaya ba. Surukina duk Lahadi sai ya yi maganar. Ya gaya wa abokansa duka wai sandunan da ya ci kofi da su ya ba Baba. Ya kama fili ranar sha biyu ga Afrilu." Ta daina juya makullin. "Ni ba so nake ya ci kowa ba, Goggo. Kada dai a riƙa jiransa. Kin san yadda suke yi da wanda ya tare layi, shekara guda ana labarinsa. Surukata har yanzu in za ta gabatar da ni sai ta ce, babanta mai walda ne, ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba."

Daga nan ta ce fili ba sa karɓar ƙasa da mutum huɗu, an rasa ɗaya, Shugaba Eom ya ce a taho da ni tunda a wurin nake aiki. Na ce zan zo. Wanda ya yi shekara goma sha tara a gindin raga ba zai rasa iya ɗaga ƙwallo ba.

Akwai wata sanda a wurinmu da muke tokare ƙofar sito da ita. Wani injiniya baƙo ne ya manta da ita shekara takwas da suka wuce, bai dawo ba. Lamba bakwai ce, mai faɗin kai, mara nauyi, robar mariƙin duk ta tsattsage, kuma ta hagu ce, shi ya sa ba wanda ya sace ta. Wata safiya a watan Maris, kafin tsofaffin su iso, na zare ta na ce Yaya ya biyo ni sama. Na ture bokitai da fankoki gefe, na ajiye ƙwallo, na danƙa masa.

"Me zan yi da wannan?"

"Miya za ka dama. Buga mana."

Ya waiga ya ga ba kowa. Ya cire safar, ya koma ɗaya gefen ƙwallon, ya ɗan gyara ƙafa. Ban gaya masa komai ba, shi ma bai tambaya ba. Na ji tas! Wanda ya daɗe a wurin nan ba sai ya duba ba, kunne ya isa. Ƙwallon ta tashi sak ta daki raga a saman alamar mita ɗari. Ya buga ta biyu, ta karkace kaɗan. Ta uku ta bi sawun ta farko. Sai ya ajiye sandar a hankali, kamar kayan sata.

"Ka gani dai," na ce.

"Na gani. Gani ba ci ba. Mayar da ita inda take."

Na mayar. Amma daga ranar, in ya gama awa ɗaya a gurbi na goma sha biyu yana noma, sai in ji ƙofar sito ta rufe da kanta, in ji takunsa a bene. Minti ashirin ya sauko, ya tokare ƙofar yadda ya same ta. Bai taɓa yi mini maganar ba. Ni ce na kasa haƙuri, saura mako ɗaya na tare shi a ƙofa.

"Yaya, gaba kura baya sayaki. In ka je da nasa za ka tare layi, Seul-gi ta kwashi kunya. In ka je da ta hagu ka raina kyauta. Dole ka ɗauki ɗaya, kuma ba wanda zai miƙo maka ita."

Ya daɗe yana ɗaure igiyar takalmi. "Bari dai ranar ta zo."

Ranar Juma'a, jajiberin fita, na zo buɗe wuri na tarar an tokare ƙofar sito da bulo. Sandar ba ta nan.

Filin a jikin dutse yake, ana sakin rukuni bayan rukuni duk minti bakwai, in ɗaya ya tsaya duk na baya sun tsaya. Mai rakiyarmu, wadda take tuƙa ƙaramar mota tana miƙa sanduna, mace ce da ta kai arba'in. Kafin a fara ta bi jakunkuna tana ƙirga sandunan kowa, yadda suke yi don kada a ce wata ta ɓata a hannunsu. Da ta zo kan ta Yaya sai ta tsaya.

"Na Malam Tak goma sha biyar ne. Wannan ɗayar kuma ta juya wa 'yan'uwanta baya."

Kunnuwan Yaya suka yi ja. "Ta ƙanwata ce. Faɗowa ta yi ciki."

Matar ta dubi jakata, ta dube ni, ta rufe bakinta. Masu wannan aiki sun san lokacin yin shiru. Shugaba Eom yana can yana miƙa da sanda a wuya, bai ji ba.

A rami na farko shi ya fara, ƙwallonsa ta tafi har na daina ganinta. Jae-uk ya buga, na buga. Yaya ya ɗauki babbar sandar nan mai ƙaton kai wadda ta kusa kai masa ƙirji. Sau biyu ya daki iska. Na uku ƙwallon ta gangara taku ashirin ta kwanta.

Shugaba Eom ya yi dariya ya daki bayansa, daidai gefen haƙarƙarin. "Ba komai, Suruki! Ranar farko kowa haka yake. Ni ma haka na yi."

Bugu goma sha ɗaya Yaya ya yi bai kai rabin hanya ba, mai rakiya ta tsince ƙwallon. A rami na biyu ya aika biyu cikin itatuwa. Na waiga na ga mutanen bayanmu su huɗu a tsaye, hannu a ƙugu. Rediyon mai rakiya ya fara magana, tana amsawa ƙasa-ƙasa tana ba da haƙuri. Abin da ya ƙara dagula lamarin, na bayan sun san Shugaba Eom. Ɗaya ya haɗa hannu a baki ya ƙwala, "Shugaba Eom! Mu aiko muku da abincin rana can ne, ko za ku iso da kanku?"

Dariyar Shugaba Eom ta ɗauke. Ƙeyarsa ta yi ja. Ya matsa kusa da ɗansa ya ce, a hankali a nasa ganin, "Ba wata huɗu aka ce yana koyo ba?" Jae-uk ya dubi takalminsa. Na san maganar nan gobe Lahadi tana kan teburin abinci, Seul-gi tana zaune tana zuba wa mutane ruwa. Yaya ma ya ji. Muryar mutumin ba ta ɓoyuwa.

Rami na uku gajere ne, amma akwai tafki a gaba, sai ka tsallake mita ɗari kafin ka samu ƙasa. Mu uku muka tsallake. Yaya ya buga ta farko, tsulum. Ta biyu ko tsakiyar ruwan ba ta kai ba. Kafin nan na baya sun iso, sun tsaya a gefen motarsu suna kallo, ɗaya har ya kunna sigari. Mai rakiya ta ce cikin ladabi, "Malam, mu wuce, sai in ajiye maka wata a ƙetare."

Yaya ya nufi mota. Na ɗauka zama zai yi. Sai na ga ya zare safar hannu, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya cire hula. Ya zo gaban Shugaba Eom ya haɗa ƙafa, ya sunkuya har na ga tsakiyar kansa.

"Suruki, ka gafarce ni. Ni bahago ne."

"Kai me?"

"Bahago. Tun haihuwa."

Shekararsa sittin da ɗaya, ban taɓa jin kalmar nan ta fito daga bakinsa ba sai ranar. Bai jira amsa ba. Ya je ya zaro mai tokare ƙofa daga cikin na zinare, ya dasa ƙwallo, ya tsaya a gefen da ba wanda ya tsaya tun safe. Tas! Ba zan ƙara gishiri ba, ba wani abin mamaki ya yi ba. Ƙwallon ta tsallake ruwa, ta faɗa a gangaren ƙetare, ta yi tsalle biyu ta tsaya a bakin lallausar ciyawa, nesa da rami. Amma a bushe take. Mai sigarin nan ya tafa hannu. "Af! Ashe kuna da mai hannu kuka ɓoye!"

Shugaba Eom bai tafa ba. Muka hau mota. Sai da muka zagaya tafkin ya ce, bai juyo ba, "Wata huɗu kana bugu da hannun da ba naka ba?"

"Kyautarka ce, Suruki."

"To ba ka da baki ne?"

Na yi niyyar yin shiru, na rantse. Ban iya ba. "Baki yana da shi, Shugaba. Haƙarƙari ne dai ɗaya ya tsage a watan Fabrairu. Kafin a aiko da jaka, an tambaye shi da wane hannu yake riƙe guduma?"

"Mal-sun!" in ji Yaya.

Shugaba Eom ya juyo ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Ban sunkuyar da kai ba, amma na tuna ba ni zan zauna a teburinsu gobe ba, Seul-gi ce. Mai rakiya ta ƙura wa hanya ido kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Da muka sauka, Yaya ya zaro sandar tagullar nan mai fuska biyu. Ya tsaya ta hagu ya gangara ƙwallon, ta bi ciyawa ta tsaya saura taku ɗaya ta faɗa. Shugaba Eom ya matso yana kallon abin da ke hannunsa.

"Wannan dai tawa ce."

"Taka ce, Suruki. Ita ba ruwanta da hannu."

Ya karɓa ya juya ta gaba da baya. "Shekara talatin tana wurina, ban taɓa lura bayanta ma yana bugu ba." Ya mayar masa. "To ka yi sauri, kada waɗancan 'yan iskan su sake buɗe baki."

Sauran ramuka goma sha biyar da sanda biyu Yaya ya yi su, lamba bakwai da ta tagulla. Bai ci kowa ba, ko ni bai kamo ba. Wasu ya karkace, ɗaya ta shige yashi ya yi bugu uku kafin ya fito. Amma kowane bugu yana gaba, yana kuma sassarfa tsakanin ɗaya da ɗaya kamar za a rufe ƙofar masana'anta, tun daga rami na biyar ba mu sake ganin na baya ba. Bayan wanka aka zauna cin gasasshiyar agwagwa. Shugaba Eom ya tsiyaya wa Yaya giyar soju, Yaya ya tara kofi da hannu biyu, na dama a gaba, yadda aka koya masa. Ni ba a tsiyaya mini ba sai da Jae-uk ya tuna.

Ranar Litinin Seul-gi ta kira ni da safe, muryarta kamar ta yarinya.

"Goggo! Jiya sau uku baban Jae-uk ya ba da labarin, har da wanda ya kira a waya. Wai surukina haƙarƙarinsa biyu suka karye amma bai ajiye kyautata ba, irin mutanen nan sun ƙare a duniya. Surukata da kanta ta cika kwano da kimchi, tsumammen kabejin nan, ta ce in kai wa Baba. Me ya sa ba ku gaya mini ya ji ciwo ba?"

"Ɗaya ne, kuma tsagewa ya yi. Ya faɗi cewa shi ne bai tambaya ba?"

"Haba Goggo."

"Ni fa, me ya ce a kaina?"

Ta yi dariya. "Ya ce goggon nan taki a bar ta a teburinta."

Ka ji fa. Mutum ya aika wa bahago sandunan dama, ya kusa kwantar da shi, kuma labarin ya koma na darajar kyautarsa. Amma yarinyar tana cin abincinta na Lahadi kai a sama, abin da Yaya ya je nema ke nan, ya kuma samo. Sai na haɗiye sauran.

Bayan mako biyu Yaya da kansa ya kira ni ya ce in raka shi Busan, shagon 'yan gwanjo. Mai shagon ya kai mu can baya inda ƙura ta rufe kaya, ya nuna jeri uku na hagu, su ke nan a duk shagon. Na buɗe baki zan ce ga waɗanda za a ɗauka, sai Yaya ya ɗaga mini hannu. "Bari." Ya ɗauki wannan ya auna a tafi, ya buga a ragar gwaji, ya ajiye. Ya ɗauki wancan, ya kanne ido ɗaya yana duba miƙewar jikinsa kamar yadda yake duba ƙarfe a wurin aiki. Ya dawo kan na farko. Awa biyu muka yi. Mai shago ya sha kofi biyu ya ce, "Kawu, uku ne fa, ba haihuwa za su yi ba."

"Na sani," in ji Yaya, ya ci gaba.

Shida ya ɗauka daga jerin da ya fi muni, duk ƙarce-ƙarce, marasa nauyi, masu faɗin kai, gajeru kaɗan. Ya ce babbar sanda sai baɗi. Ni da wani jerin zan ɗauka, amma ban ce uffan ba, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Yanzu shidan suna cikin jakar Shugaba Eom mai sunan zinare, tare da ta tagulla. Sauran goma sha ukun suna tsaye a falonsa kusa da talabijin, duk wata sai ya goge su, saboda suruki yana iya leƙowa. Har yau da dama yake cin abinci. Ƙarfe shida na safe yana hawa na uku, na kwashe masa bokitai da fankoki. Tun da aka fara ganinsa a can, mutum uku sun zo sun raɗa mini cewa su ma bahagwai ne, ɗaya shekararsa tara yana bugu da dama. Sau huɗu na gaya wa mai wurin ya ƙara gurbi ɗaya na hagu, sau huɗu yana ce mini babu bahago a golf. Ƙofar sito kuwa har yanzu da bulo ake tokare ta. Yaya bai dawo da sandar ba, ni ma ban tambaye shi ba.